"Danna mu gani" ba gwaji ba ne, ganganci ne

Zare ne, kuma mai tsawo 🧵 Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Amma in kana karanta kimiyyar kwamfuta, ko kana haɗa wa wata makaranta manhajar fitar da sakamako, ko kai aka damƙa wa rumbun bayanan wani kanti ko asibiti, to da kai nake, kada ka wuce.

Akwai wata magana da ta zama waƙa a bakinmu masu koyon rubuta manhaja: "danna mu gani." Ka rubuta umarnin SQL, zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, sai na kusa da kai ya ce haba malam, danna kawai, in akwai kuskure ai shi zai faɗa maka. Ni dai matsayata ita ce wannan ɗabi'a wasa ce da dukiyar mutane, kuma duk wanda yake koya wa ƙannensa ita cutarsu yake yi.

Na san inda ta samo asali. Kusan dukkanmu a kan XAMPP muka fara, a laftof ɗinmu, da teburin ɗalibai biyar na ƙarya: Musa, Aisha, Test1, Test2 da asdf. In ka goge su babu mai yin kuka. Damuwar ita ce hannu ba ya manta abin da ya saba. Hannun da ya shekara huɗu yana danna mu gani a kan asdf, shi ɗin ne dai zai zauna gaban rumbun da ke ɗauke da kuɗin adashin mata, ko makin 'yan ajin ƙarshe.

Ku dubi waɗannan layuka biyun da kyau:

DELETE FROM dalibai;
WHERE lamba = 15;

Mai rubutun ɗalibi guda yake son cirewa, mai lamba 15. Amma yatsansa ya zame ya sa waƙafi mai ruwa a ƙarshen layin farko. A SQL wannan alamar tana nufin magana ta ƙare. Ke nan yanzu umarni biyu ne. Na farko cewa yake yi a share kowa da kowa, kuma nahawunsa lafiya ƙalau. Na biyun ne shirme.

To me zai faru in ka zuba wannan a cikin mysql ko psql na baƙin allo? Su ɗaya bayan ɗaya suke aika umarni. Na farko zai tafi, rumbu ya aiwatar, ya kuma tabbatar da shi nan take, don haka aka saita su tun asali. Sai na biyu ya tafi, sannan ne jan rubutu zai fito. A MySQL lambar kuskuren 1064 ce, kowa ya san ta.

Don haka gaskiya ne, ya faɗa maka akwai kuskure. Bayan ya kwashe teburin kaf. 🙂 Wannan shi ne "ai shi zai faɗa maka" ɗin da ake ta yi mana alƙawari.

Don adalci: SQL Server ba haka yake ba a wannan gaɓar. Shi yana karanta tarin umarnin da ka aika gaba ɗaya tukuna, in ya ga kuskuren nahawu a ko'ina cikin tarin, ko ɗaya ba zai aiwatar ba. Amma mu nawa ne muke kan SQL Server? Yawancin furojet ɗin da nake gani PHP da MySQL ne.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin a fili yake, kuma kyauta. Kwamfuta tana iya karanta umarninka ta gaya maka ko nahawunsa daidai ne ba tare da ta taɓa ko layi ɗaya na bayanai ba. Da an ba mai tantance nahawu wancan fayil ɗin gaba ɗaya, zai tsaya a layi na biyu ya ce jumla ba ta farawa da WHERE, kuma babu abin da zai goge.

Kuma ba sabon abu ba ne. Lotus Notes, wata tsohuwar manhajar ofis da da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba, tana da nata harshen lissafi na rumbu. Tun fitowa ta 6, a 2002, aka sa mata @CheckFormulaSyntax. Ka miƙa mata rubutun lissafinka, in lafiya ta mayar maka da "1", in da matsala ta ba ka saƙon kuskuren, da layin, da gurbin da yake. Sai ka ga "1" sannan ka miƙa wa @Eval ya aiwatar. FileMaker ma yana da IsValidExpression mai irin wannan aiki.

2002 fa. Da yawa cikin masu karanta zaren nan ba a haife mu ba, ko muna goye. Amma a yau ana yaye ɗalibi bai taɓa jin cewa ana iya tambayar rumbu "wannan daidai ne?" kafin a ce masa "yi" ba.

Ga yadda ake tambayar. A SQL Server ka rubuta SET PARSEONLY ON a sama, zai duba nahawu kawai ya tsaya. SET NOEXEC ON ya fi haka zurfi, yana harhaɗa umarnin kamar zai yi amma ba zai aiwatar ba. A PostgreSQL akwai PREPARE da EXPLAIN, su kuma har sunayen tebura da ginshiƙai suna dubawa, in ka rubuta teburin da babu shi za su kama ka. MySQL ma tun 5.6 ake iya sa EXPLAIN a gaban UPDATE da DELETE.

SQLite, wanda yake cikin wayar Android ɗin da kake karanta wannan da ita, shi tsarinsa ma mataki biyu ne tun asali: sqlite3_prepare_v2 ya harhaɗa, sqlite3_step ya aiwatar. In ka tsaya a na farko ka tantance ke nan. BigQuery na Google, inda gwargwadon yawan bayanan da umarninka ya karanta ake cajin ka, yana da --dry_run: ya duba umarnin, ya gaya maka nawa zai karanta, ba ka biya ko sisi ba.

Kai, har phpMyAdmin ɗin da muke kwana a ciki yana da maɓallin Simulate query na UPDATE da DELETE, yana nan ƙasan akwatin rubutu kusa da Go. Tambayi 'yan ajinku nawa ne suka taɓa danna shi.

Amma ni ba maɓalli nake wa kamfe ba. Maɓalli mutum ne ke danna shi, mutum kuma yana mantuwa, yana gajiya, yana sauri don wuta za ta ɗauke. Abin da nake so shi ne a sa kod ya yi tantancewar, ta zama ƙofa wadda fayil ba ya wucewa sai ta buɗe. Ko ka tuna ko ba ka tuna ba.

A nan ne ake fara zamewa, don ba kowane ɗakin kod mai SQL a sunansa ne yake tantancewa ba. A Python mutane suna ɗauko sqlparse, su ga bai yi ƙorafi ba, su ce an wuce. Malam, sqlparse da bakinsa ya faɗa a bayaninsa cewa shi ba ya tantance inganci. Yanka rubutu yake yi gunduwa-gunduwa ya jera shi da kyau. Ka ba shi shirme zai jera maka shirmen tsaf.

Haka sqlite3.complete_statement. Sunan yana ruɗi. Abin da yake dubawa kawai ko maganar ta rufe da waƙafi mai ruwa, kuma ba a bar alamar zance a buɗe ba. Ka rubuta "tuwo da miya;" zai ce maka True.

sqlglot ya fi su nesa ba kusa ba, yana gina bishiyar jumlar, yana jefo ParseError in ya ga baka ba a rufe ba da makamantansu. Amma shi ma da gangan aka yi shi mai sassauci, yana iya karɓar abin da rumbun gaske zai ƙi. In PostgreSQL kake amfani da shi, pglast ne gwanina, don shi ba kwaikwayo yake yi ba: ainihin mai karanta nahawun PostgreSQL aka ciro ta libpg_query aka naɗe shi. Abin da ya ƙi a matakin nahawu, rumbun ma zai ƙi.

Me ya sa wannan bambancin yake da nauyi? Saboda SQL ba harshe ɗaya tak ba ne a aikace. A IBM aka haife shi, Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fitar da shi a 1974 da sunan SEQUEL, bisa tunanin da Edgar Codd ya wallafa a 1970. An yi masa daidaitacciyar ƙa'ida a 1986. Amma kowane kamfani ya ci gaba da karin harshensa, kamar dai Kananci da Sakkwatanci da Katsinanci. Ana fahimtar juna, har sai an zo kan wata kalma.

Kana son layuka goma na farko: MySQL da PostgreSQL da SQLite LIMIT 10 za su ce, SQL Server TOP 10 ya sani. Wannan mai sauƙi ne, don in ka haɗa su za a yi maka tsawa. Mai haɗarin shi ne inda ba a tsawa. Alamar || a PostgreSQL, Oracle da SQLite haɗa rubutu take yi. A MySQL, in ba ka canza saiti ba, OR take nufi. Ka rubuta 'Ali' || 'Musa', can ka samu AliMusa, nan ka samu 0. Duka biyun sun ce nahawu daidai ne.

Wannan ya kawo ni kan rukuni na biyu da nake rigima da su. Su sun fi 'yan danna mu gani, suna tantancewa. Amma da zarar sun ga kore sai su miƙe ƙafa, wai an gama. Ba a gama komai ba wallahi.

"Akuya ta yanka mahauci." Kai wa kowane malamin Hausa wannan jumla, ba zai sami kuskuren nahawu ko ɗaya ba. Akwai aikau, akwai aikatau, akwai karɓau, jinsi ya dace. Kuma ƙarya ce tsagwaronta. Mai tantance nahawu iyakarsa ke nan: ya san siffar jumla, bai san abin da ke ranka ba.

SELECT suna maki FROM dalibai;

Ka manta waƙafi tsakanin suna da maki. Babu rumbun da zai yi maka magana. SQL ya yarda a bar kalmar AS, don haka ya ɗauka cewa ka yi a kawo sunaye a laƙaba musu "maki". Za ka ga ginshiƙi mai taken maki cike da Musa da Aisha. Wannan abin dariya ne, ido zai kama shi. Ga wanda ido ba ya kamawa:

UPDATE dalibai SET maki = 70 AND matsayi = 'ya ci' WHERE lamba = 15;

Mai rubutun yana son ya canza abu biyu, sai ya sa AND a inda waƙafi ya kamata. MySQL zai karɓa hannu bibbiyu. Yadda ya fahimta shi ne: maki ya zama amsar tambayar "70 kuma matsayi daidai yake da 'ya ci'?" Amsar kuwa 1 ce ko 0. Yaron da ya ci 70 ya koma mai 0, matsayinsa bai motsa ba, allo ya rubuta maka an taɓa layi ɗaya, ka rufe laftof ka tafi masallaci hankali kwance.

PostgreSQL a nan zai ƙi, zai ce AND ba ya cin lamba. Amma ku lura, ba a matakin nahawu zai ƙi ba, sai ya zo duba nau'in bayanai. Ma'ana pglast zai bar shi ya wuce, PREPARE ne zai kama shi. Shi ya sa nake cewa tantancewa hawa-hawa ce, wanda ya tsaya a hawan farko bai isa ko'ina ba.

Ga kuma NULL, sarkin yaudara. WHERE maki = NULL nahawunsa daidai ne, kuma ba zai taɓa dawo da ko layi ɗaya ba, don a SQL babu abin da yake daidai da NULL, har NULL ɗin kansa. IS NULL ake cewa. Wanda bai sani ba zai je ya gaya wa shugaban makaranta babu ɗalibin da makinsa ya ɓace, alhali ga su nan jibge. NOT IN ma haka, in NULL ɗaya ya faɗa cikin jerin, amsa ta zama wayam.

To me za a yi da DELETE marar WHERE, tunda nahawu ya wanke shi? A nan ne bishiyar jumla take da daɗi. Tunda kod ya riga ya warware umarnin, kai ma sai ka kafa taka dokar a kai:

import sqlglot
from sqlglot import exp

for u in sqlglot.parse(rubutu, read="mysql"):
    if isinstance(u, (exp.Delete, exp.Update)) and not u.args.get("where"):
        raise SystemExit("babu WHERE, ba inda za ka")

Layi biyar. Ka ɗaura shi a Git ya riƙa gudana kafin kowane commit, ko ka sa shi a gaban fayil ɗin da ke tura umarni zuwa saba. In kana son wanda aka riga aka gina da dokoki masu yawa, SQLFluff yana nan. Duk kyauta. Datar da za ka sauke su da ita ba ta kai ta bidiyon TikTok uku ba.

Kuma kada wani ya ce wannan tsoro ne na sababbin shiga. Masu MySQL da kansu sun sa irin wannan birki, --safe-updates. Yana da suna na biyu a hukumance, --i-am-a-dummy, wato "ni dolo ne" 😂 In yana kunne, UPDATE ko DELETE da ba shi da WHERE mai amfani da mabuɗin teburi, kuma ba shi da LIMIT, ba zai wuce ba. MySQL Workbench da shi a kunne yake zuwa. Shi ne kuskure mai lamba 1175.

Me muke yi in mun ga 1175? Mu kwafe shi mu zuba a Google, mu ɗauko SET SQL_SAFE_UPDATES = 0, mu liƙa a saman fayil, shi ke nan har abada. A wurin da na yi SIWES a kowane fayil na SQL wannan layin ne na farko, kamar bisimilla. Da na tambaya sai aka ce min ai yana hana aiki ne. Birki ma yana hana mota gudu.

Hawa na gaba shi ne gwada umarnin da gaske a cikin BEGIN da ROLLBACK: ka buɗe, ka aiwatar, ka duba layi nawa ya taɓa, ka janye. Dabara ce mai kyau, amma tana da ramuka, kuma masu yaɗa ta ba sa faɗa.

Rami mafi zurfi a MySQL yake. Umarnin da ke canza ginin teburi, CREATE TABLE, ALTER TABLE, DROP TABLE, TRUNCATE, kowannensu yana tabbatar da aiki da kansa ko ba ka ce COMMIT ba. Ka rubuta BEGIN, ka yi DROP TABLE, ka ce ROLLBACK, zai amsa maka da OK, teburin kuwa ya tafi. Kuma duk abin da ka yi kafin DROP ɗin a cikin wannan zaman shi ma ya tabbata. In teburinka tsohon nau'in MyISAM ne, ROLLBACK ba ya aiki a kansa sam, ko a DELETE ne.

Ku yi tunanin fayil mai umarni 40 na sauya fasalin rumbu, kuskuren rubutu yana na 23. A MySQL 22 sun zauna daram, 18 ba su shiga ba. Rumbun ba tsoho ba, ba sabo ba, manhaja ba ta gane shi, kai ma ba ka gane shi. PostgreSQL ya fi tausayi, yawancin irin waɗannan umarnin suna janyuwa a cikinsa, amma sai ka nema: psql da -1 da kuma ON_ERROR_STOP. In ba ka sa ba, zai ga kuskure a na 23 ya wuce na 24 abinsa.

Wani ramin: EXPLAIN ba ya aiwatarwa, amma EXPLAIN ANALYZE a PostgreSQL yana aiwatarwa, don sai ya yi aikin zai iya auna lokacinsa. Kalma ɗaya ce tsakaninsu. Ka sa ta a gaban DELETE ba tare da BEGIN ba, zai ba ka rahoto mai kyau na yadda ya share bayananka cikin sauri. A Oracle kuma DBMS_SQL.PARSE, duk da sunansa, in ka ba shi umarni irin DROP nan take yake aiwatar da shi. Suna ba hujja ba ne, a karanta takardar bayani.

Kuma ko janyewar ta yi aiki, muddin zaman a buɗe yake layukan da ka taɓa a kulle suke, sauran masu son rubutu a kansu suna jira. Shi ya sa irin wannan gwajin a kwafin rumbu ake yin sa. In babu kuɗin saba ta biyu, laftof ɗinka ma saba ce: ka kwafi ginin tebura ba tare da bayanan mutane ba, ka cika da na ƙarya.

Yanzu bari in amsa abin da na san za a rubuto a ƙasa. "Ai akwai bakof." Yaushe rabon da ka gwada dawo da shi? Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya share ma'ajiyar rumbu a kan babbar saba yana zaton a kan ta biyu yake. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar kwafi sai aka tarar yawancinsu ba sa aiki. Wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan ne ya cece su, aikin awa shidan kuwa ya tafi. GitLab fa, masu kuɗi da ƙwararru. Kai naka bakof ɗin yana kan filashin da ka ara wa abokinka.

Labarin GitLab ba na nahawu ba ne, umarnin daidai yake, wurin ne ba daidai ba. Na kawo shi ne don ƙofar da nake magana ya kamata ta riƙa tambayar wane rumbu aka nufa, ta buga sunansa ƙato a allo kafin ta bari a wuce.

"Ni na ƙware, ba na irin wannan kuskuren." To madalla. Waƙafi ba ya tambayar CGPA ɗinka.

"Ai yanzu ChatGPT ke rubuta min." Wannan ma shi ya fi sa ni tsorata. Yana rubuta SQL mai sheƙi, an jera shi tsaf, da bayani a ƙasa cikin ladabi. Amma in ba ka nuna masa ginin teburanka ba, sunan ginshiƙi zai ƙirƙira, kuma yana iya ba ka karin harshen wani rumbun daban. Da kai ka rubuta, aƙalla ka san inda zuciyarka ba ta kwanta ba. Wanda aka rubuta maka ko'ina santsi ne. Yawan SQL ɗin da ake liƙawa ba a karanta ba ya ƙaru, tantancewa kuwa tana nan inda take.

Akwai kuma masu manhajar da ke ƙera umarni da kanta, tana manna abin da mutum ya rubuta a akwatin shiga cikin jumlar SQL. Wasu sun ce min za su tantance nahawun jumlar kafin su aika, wai don tsaro. A'a. Ɓarawon da ya iya aikinsa jumla mai cikakken nahawu yake ƙera maka, ' OR '1'='1 ba shi da aibu a wajen mai tantancewa. Maganin wannan daban ne: a aika umarni da gurabe, a aika bayanai daban, abin da PDO da mysqli suke yi da prepare.

Kamfanin sadarwa na TalkTalk a Birtaniya ta wannan ƙofar aka shige shi a Oktoban 2015, aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000, hukuma ta ci shi tarar fam 400,000 a 2016. Mu ma nan tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa da lalacewa, ba sata kaɗai ba. "Yatsana ne ya zame" ba zai yi daɗin faɗa a gaban mai makaranta ba, balle a gaban hukuma.

Malamanmu, da girmamawa, akwai naku kason. A wajen kare furojet abin da ake kallo shi ne shafin shiga ya yi kyau, maɓalli yana da launi, babi na biyu ya kai shafi ashirin. Ban taɓa jin an tambayi ɗalibi me ke tsakanin umarninsa da bayanan mutane ba. A jarrabawa kuma da biro muke rubuta SQL a takarda, malami ne mai tantance nahawun, yana cire maki biyu don an manta waƙafi mai ruwa. Ga shi a rayuwa wanda aka ƙara ne ya share teburi, ba wanda aka manta ba.

Awa ɗaya ta laccar rumbun bayanai ta isa a nuna wa aji PREPARE, EXPLAIN da ROLLBACK, a sa kowa ya yi DROP TABLE cikin BEGIN a MySQL ya ga teburinsa bai dawo ba. Wanda ya ga wannan da idonsa a kan asdf ba sai an yi masa wa'azi ba.

Wani ɗan ajinmu da na nuna wa layuka biyar ɗin can na sama ya ce ai sai ya rubuta WHERE 1=1 ya wuce. Gaskiyarsa, zai wuce, kuma WHERE lamba > 15 a maimakon lamba = 15 ma zai wuce. Shi ya sa hawa na ƙarshe ƙidaya ce. Kafin ka aika, ka faɗa wa kod ɗin layi nawa kake sa ran za a taɓa. Ya buɗe BEGIN, ya aiwatar, ya duba rowcount. Ka ce 1, rumbu ya ce 1, COMMIT. Ka ce 1, rumbu ya ce 842, ROLLBACK, kuma ya buga maka lambobin biyu a allo ka zauna ka kalle su.